Madobiyar Inna Mero

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

An koma makaranta bayan hutun Sallah. Malam Iliyasu, mai koya mana ilimin tsirrai da muhalli, ya raba mu huɗu-huɗu. Kowane rukuni zai zaɓi bishiya ɗaya da take ƙarewa a yankin nan, a je a ƙirgo, a auno, sannan a rubuta abin da ya kira haƙƙin da ke wuyan mai bincike. Maki ɗaya za a ba duk rukunin. Wannan ne ya ɓata min rai. Ni zan yi aikin, wasu su ci.

An haɗa ni da Kubra, wadda kullum kanta yana kan waya, da Bahauddeen ɗan gidan malamai na Sara, da Zulkifli, wanda tun shigowarmu ban taɓa jin ya yi tambaya a aji ba. Na bi Malam ofis na roƙa a bar ni ni kaɗai. Ko ɗagowa bai yi ba. "Nasiha, koma wurin 'yan'uwanki."

Sashen haƙƙin nan shafi ɗaya ya ishe shi. Awon shi ne aikin.

Laraba, 17 ga Afrilu

Zaman farko, a ƙarƙashin darbejiyar bakin laburare. Na kawo shawarar ɗorawa, Kubra ta ce rukuni biyu sun riga mu. Can sai Zulkifli ya ce madobiya. Ni ban taɓa ganinta a tsaye ba. A kwance na san ta, a rumfar katakon Kawu Ƙasimu, tun ina ƙarama.

Ya ce kakarsa ta san inda wasu suka rage, amma sai ya tambaye ta tukuna. Na ce itacen daji har sai an nemi izini? Ya ce ba izinin itacen ba, izinin hanyar. Ban ga bambancin ba, amma na ƙyale shi.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bas daga Birnin Kudu, muka ɗauki Bahauddeen a Sara, daga Gwaram kuma acaɓa. Ƙauyen su Zulkifli yana gaba da Fagam kaɗan, a gindin duwatsu.

Kakarsa, Inna Mero, 'yar siririyar tsohuwa ce, ta haura saba'in, amma ta fi mu sauri a kan dutse. Ita ce ungozomar ƙauyen, ita ke haɗa wa masu jego magani. Ta dama mana fura, ta ƙare mana kallo, ni da littafina musamman. Ta ce da jikanta, "Maigida, waɗannan ne za su iya riƙe baki?" Ya ce su ne.

Tafiyar kusan awa guda. Aka ratsa gonaki, aka bi wani busasshen rafi, sai ga kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu. Ga su nan. Ashirin da uku. Huɗu a bakin gonar wani mutum, sha tara a cikin kwazazzabon. Daji ya bushe ƙayau, su kuwa sun fitar da sabon ganye kore shar. Ƙasa duk 'ya'yansu ne, kamar ƙananan faya-fayi masu ƙaya a tsakiya.

Da tef ɗin ɗinkin Umma muka yi awo. Babbar, wadda take bakin gona, kewayenta ya wuce mita biyu. Na zaro wuƙa zan ɗebi ɓawo, na fara zagaye jikinta, sai na ji an riƙe min wuyan hannu. "Ke, yanka ta za ki yi?" Inna Mero ta karɓi wuƙar ta nuna min: faɗin yatsa biyu, a gefe ɗaya kawai, sannan a jiƙa ƙasa a shafe wurin. Ruwan da ya fito ja ne wur kamar jini. Ta nuna min tsofaffin tabo a jikin bishiyar, ta ce wasu na uwar mijinta ne. Duk sun rufe.

A gindin kowace bishiya na rubuta lambobin da waya ke bayarwa na daidai wurin. Kubra ta yi ta hotuna. Bahauddeen ya riƙe tef, bai iya karanta shi ba sai da na koya masa.

Da za mu tafi Inna Mero ta ce, "Don jikana na nuna muku. Masu inji sun cinye na ko'ina. Ido ya gani, baki ya yi shiru." Kowa ya ce to. Ni ma na ce to. Hankalina yana kan lissafin awo.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Talata, 23 ga Afrilu

Rigima. Na zana taswira mai kyau, kowace bishiya da lambarta. Zulkifli ya kalle ta ya ce ba za ta shiga rahoto ba, don rahoto laburare za a ajiye shi, kowa zai iya buɗewa. Na ce binciken da wani ba zai iya zuwa ya tabbatar ba ai tatsuniya ce.

Kubra ta ba ni mamaki. Ta ajiye waya ta ce, to idan malaman daji ba su san da su ba, ta yaya za su tsare su? Kuma makiyaya suna sassabe ganyen, Inna Mero tana ɗibar ɓawo, wa ya ce ita kaɗai ce mai su? Bahauddeen ya ce duk wannan gaskiya ne, amma sai da muka ɗauki alkawari aka sallame mu, kuma alkawari kaya ne. Wanda bai yarda da sharaɗin ba, da can ya kamata ya faɗa, a gabanta.

Biyu da biyu. An bar maganar sai wani zaman. Awa biyu muka ɓata a kan shafi ɗaya.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Kawu Ƙasimu ya biyo cin abinci bayan an sauko daga masallaci, kamar kullum. Tun rasuwar Baba shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu. Likitar itace yake kirana. Na nuna masa hotunan, ina ɗan cika baki. Ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton babbar, ya daɗe yana kallo. Ya ce rabonsa da ganin irin wannan ya fi shekara goma. Ya ce katakonta gara ba ta cinsa, na rubuta wannan don rahoto.

Ya tambayi a ina. Ban ba shi lambobi ba. Na ce dai gaba da Fagam, a bi busasshen rafi. Kawu ne ai.

Alhamis, 2 ga Mayu

Zulkifli ya zo zama fuska a haɗe. Jiya wasu mutum biyu a babur sun shiga ƙauyensu suna tambayar mai gonar da take ƙarshen rafi.

Bahauddeen ne ya tuna Kubra ta sa hoto a sitatus, inda duk mai lambar wayarta zai gani, ranar da muka je. Ta ce fuskarta ce kawai da ganye, kuma ta cire. Zulkifli ya ce dutsen ya fito a bayanta, duk ɗan yankin zai gane shi. Ta rantse, ta sake rantsewa, sannan ta tattara littattafanta ta tafi. Idonta ya yi ja.

Ban ce komai ba. Ba lallai ne Kawu ba ne. Masu katako suna da yawa.

Asabar, 4 ga Mayu

Kubra ta fice daga zauren da muka buɗe a waya. Ban kira ta ba.

Litinin, 6 ga Mayu

An sare huɗun da ke bakin gona, har da babbar. Jiya da hantsi. Zulkifli ya ce tun daga cikin ƙauye ake jin kukan injin. Inna Mero ba ta amsa gaisuwarsa ba da ya je.

A tsaye ya faɗa mana, bai zauna ba. Ni ina ta gyara jadawalin awo, na rasa ko zan goge huɗun ne ko zan ja musu layi.

Laraba, 8 ga Mayu

Na je rumfar Kawu bayan azahar. Ban ma yi tambaya ba. Gumaguman suna jibge a bayan injin, jan ruwan ya bushe a bakinsu. A jikin ɗaya ga yankan da muka yi ni da Inna Mero, faɗin yatsa biyu, ƙasar da ta shafa tana nan maƙale.

Kawu bai ɓoye ba. Ya ce a hannun mai gonar ya saya, kuma mutumin da murnarsa, don inuwar tana kashe masa dawa. Na ce amana aka ba mu. Ya ce, "Kin ce min kada in je? Kin ce min sirri ne?" Ban ce ba. Ya ce mutum goma sha ɗaya ke ci a rumfar nan, kowa da iyalinsa. Ya ce bencin da nake zama a aji na ɗauka da me aka yi shi. Ba da faɗa yake magana ba, abin da ya fi damuna ke nan. Har ruwa ya sa aka kawo min.

Na roƙe shi ya bar sauran sha taran. Ya ce, "Tunda kin roƙa, ni ba zan aika ba. Amma waɗanda suka yi min saran sun gan su, kuma ba ni kaɗai ke da inji a ƙasar nan ba."

A ƙafa na dawo gida. Umma ta ce me ya same ni, na ce zafi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Gidan su Kubra na fara zuwa. Na same ta tana wanki. Na faɗa mata duka a tsaye, ban tsallake komai ba. Ta ci gaba da matse zane. Can ta ce, "Kwana nawa ke nan?" Na ce bakwai. Ta ce, "Kina zaune kina kallona ina rantsuwa." Na ce e. Ta ce in riƙe mata ɗaya bakin zanen, muka matse tare, ta shanya. Ba ta ce ta yafe ba. Amma ta yafa mayafi ta biyo ni makaranta.

A gaban sauran na maimaita. Bahauddeen ya juya wurin Kubra ya ba ta haƙuri, ya ce shi ya fara jefa zargin ba da hujja ba. Abin da Zulkifli ya ce kawai, "Ba ni za ki faɗa wa ba."

Asabar, 11 ga Mayu

Mun koma ƙauyen, mu huɗu. Inna Mero tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida. Na durƙusa na yi bayani. Ta tambaya, "Ƙanen uwarki ne?" Na ce e. Ta ce, "Ai dama. Mai tona asiri ga nasa yake tonawa, ba ga baƙo ba." Sannan ta juya ga Zulkifli ta ce ya zo ya ci tuwonsa, ya yi sanyi. Ina jin wannan ce amsar gaisuwar da ta hana shi.

Na zaci za ta kore mu. Aiki ta sa mu. Ta ce kututture ba matacce ba ne, zai yi toho in ruwa ya sauka, amma awaki za su cinye. Muka wuni muna jan ƙaya muna kewaye huɗun, bayan Zulkifli ya nemi yardar mai gonar. Mutumin ya ce a yi, shi dai kada su sake rufe masa dawa. Ban iya jin haushinsa ba. Gonar ba ta fi tsakar makarantarmu ba, rabinta dutse ne. Hannuwana duk sun yi jini. Babban kututturen mu huɗu za mu iya zama a kansa. Ba wanda ya zauna.

Da muka huta Kubra ta sake tayar da maganarta ta ranar nan: sha taran fa? Wannan karon a gaban Inna Mero ta faɗa. Tsohuwar ta ce, "Da shiru ne maganin. Yanzu da aka gani, sai surutu." Ta ce ita za ta je wurin mai unguwa da kanta, a kira malamin daji, a kira makiyayan da ke sassabar ganyen. Amma da bakin mutanen ƙauye za a yi, ba da takardarmu ba. Taswirar kuwa ta ce a'a. Na nan kusa sun sani, ba sai an kira na nesa ba.

Ta cika min leda da 'ya'yan madobiya. Ta ce a fasa, a jiƙa ƙwayar kwana ɗaya kafin a shuka.

Laraba, 15 ga Mayu

Zulkifli ya kawo labari. An yi zaman a ƙofar mai unguwa. Makiyayan sun fi kowa zafi, don a ƙarshen rani ganyen nan ne ke riƙe musu shanu. Sun ce duk wanda ya ji kukan inji zai sanar. Malamin daji ya zo ya shafa wa sha taran fenti. Ko fenti zai hana mai inji, Allah ne masani.

Mun zauna rubutu. Sashen da na ce shafi ɗaya ya isa ya kai tara, kuma ba mu gama ba. Mun yi gardama a kan komai. Ko mai gona yana da ikon sayar da bishiyar da ta girme shi. Bahauddeen ya ce yana da shi, Zulkifli ya ce masu jegon ƙauyen fa. Mun rubuta duka biyun. Ko za mu sa yadda ake haɗa maganin ɓawon. Ba mu sa ba, ba namu ba ne. Sunan Inna Mero kuwa mun aika an tambaye ta, ta ce a sa, ko ta yi suna a Birni.

Na ce a rubuta sunana a inda aka bayyana yadda labarin ya fita. Kubra ta ce ba kotu muke ba. Aka rubuta "ɗaya daga cikinmu". Ita ta buga shafin, ni na karanta mata.

Lahadi, 19 ga Mayu

Daga cikin ledoji talatin da na shuka a bayan ɗakin girki, goma sha ɗaya sun tsiro. Kawu bai zo ranar Juma'a ba. Umma ta san akwai wani abu, ba ta tambaya ba tukuna.

Litinin, 27 ga Mayu

Mun gabatar a aji. Kubra ta yi bayanin awo, Bahauddeen ya yi na alkawari da haƙƙin mai gona, ni na karanta yadda aka yi aka sare huɗun. Da na zo kan "ɗaya daga cikinmu" sai na ce ni ce. Ban shirya faɗa ba. Aka fara ƙus-ƙus a aji.

Hambali na rukuni na biyu ya ɗaga hannu ya ce tunda ba taswira, ta yaya za a san ba a ɗaki muka ƙirƙiri bishiyoyin ba. Tambayar da ni zan yi ce da ina wurinsa. Zulkifli ne ya amsa. Ya ce duk mai son tabbatarwa ya zo, zai kai shi wurin kakarsa, in ta yarda da shi za ta kai shi. Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Malam Iliyasu ya ce doka ɗaya ce ga kowa, rahoton da ba taswira zai rasa makin taswira. Ya tambaye mu ko za mu sake shawara. Sauran uku suka juyo suna kallona. Na ce a'a Malam, mun gama shawara.

Juma'a, 31 ga Mayu

Kawu ya zo. Mun gaisa. Ya leƙa bayan ɗakin girki ya ga tsiron, ya tambayi shekara nawa za su yi kafin su kai irin waccan. Na ce ta fi hamsin. Ya ce, "Ba na nan." Ya ci abincinsa ya tafi. Bai kira ni Likita ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Sakamako ya fito. Hamsin da takwas. Ban taɓa cin ƙasa da saba'in ba a makarantar nan. Rukunin Hambali saba'in da huɗu, a kan ɗorawa.

Asabar, 8 ga Yuni

An yi ruwa jiya, gari ya yi sanyi. Na kai tsiro takwas ƙauyen. Ba wanda ya aike ni, ledojin ne suka fara matse musu saiwa. Kubra ta ce za ta raka ni sai baƙi suka tsare ta, Zulkifli kuma yana gonar babansa, don haka ni da Inna Mero ne kawai.

Kututture uku sun yi toho, jajaye-jajaye, tsawon tafin hannu. Babban bai yi ba. Ta ce a ba shi lokaci, tsoho ba ya tashi da wuri. Sha taran suna nan. Muka dasa takwas ɗin a bakin rafi, nesa da dawar mutumin, ita tana nuna wuri da sanda, ni ina haƙa.

Da muka gama ta zauna a kan dutse tana kallona ina wanke hannu. Sai ta nuna gabas da haɓa. Ta ce can bayan dutse na uku akwai wasu bakwai, sun fi waɗannan girma, ko Zulkifli bai san da su ba. "Ƙafarki ta yi ƙwari yanzu, 'yar Birni. Mu je ki gani?"

Na kalli wajen. Na so ƙwarai.

Na ce a'a Inna, a bar su, rana ta yi zafi kuma kada bas ya wuce ni. Ta ɗaga kai ta dubi hadarin da ya rufe sama, ta dube ni. Ta miƙo hannu na tashe ta.

Na iso Gwaram da sauran lokaci sosai. Awa ɗaya da rabi na yi a tasha kafin bas ya cika.